Faifan da Aka Saƙa da Littafin Malam Sarun

Kaltouma ta saƙa faifai da littafin mutum, kuma mijinta Hamissou ne ya kawo mata ganyen da hannunsa.

Mai littafin tsoho ne ɗan Kambodiya, sunansa Sarun, ƙofarsa na kallon tasu a gidan haya da ke bayan titin Gate City Boulevard a birnin Greensboro. Hamissou, direban tasi daga Maraɗi, shi ya laƙaba masa Malam, don ya ce duk wanda ya tsufa a kan karatu malami ne, ko da Buda yake bi. Da guntun Turancinsu suke hira a bakin matakala. A nan Hamissou ya ji tarihinsa. Tun yana yaro aka aske masa kai aka kai shi gidan ibada, ya haddace littattafansu. Daga baya ya ajiye rigar masu ibada, ya koyar a Phnom Penh, babban birninsu, ya rubuta labaran da ake rububinsu a kasuwa. Da 'yan tawayen Khmer Rouge suka ci gari, aka ƙone littattafan, aka shiga kashe masu karatu. Sarun ya jefar da tabaransa don kada a gane mai karatu ne, ya ce shi mai kiwon shanu ne. Haka ya tsira, shi kaɗai a gidansu. Da ya yi hijira ya zo ƙasar nan, sauran ƙarfinsa kuma masaƙar yadi ta Greensboro ta cinye.

Da ya yi ritaya sai ya ce zai sake rubuta babban labarinsa da aka ƙone, a kan ganyen giginya irin na malamansa na dā. Daga ƙasarsu ake aiko masa da shi, busasshe, yankakke.

Ana cikin haka ɓarin jikinsa ya shanye, aka kwantar da shi asibiti. A makon kuma mai gidan hayar ya ce za a yi feshin kuɗin cizo, kowa ya kwashe kayansa. Makullin tsohon na hannun Hamissou. Ɗaurin ganyen da ya ga baƙin rubutu a jiki, ya naɗe su a zane ya ɗora saman kabad ɗinsa, don ba a ajiye littafin malami a ƙasa. Sai wani kwali cike da ganye fari tas. Ya duba, ya juya, babu komai. Ya shigo da shi ɗakinsu.

Kaltouma ta gani ta dafe ƙirji.

“Maigida, kaba! Tun da ka kawo ni ƙasar nan nake neman kaba, sai roba, sai roba.”

“Ta Malam ce.”

“Ai ragowa ce. Bari in yi masa faifai ya riƙa rufe shinkafarsa. Mutum kullum da jarida yake rufe abinci kamar mai ƙosai.”

“Bon, to ɗauki,” in ji Hamissou, ya tafi aiki.

Ta jiƙa ganyen, ta tsaga shi siri-siri, ta zauna a kansa tana 'yar waƙa. Rabon da Hamissou ya ji waƙarta har ya manta.

Ranar da aka sallamo tsohon, Hamissou ya turo shi a keken marasa lafiya, hannun damansa a kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Kaltouma ta durƙusa ta miƙa masa faifan. Ya karɓa da hagu yana murmushi, ya shafa shi da babban yatsa. Ya sake shafawa. Sai murmushin ya tafi.

“Kwalin fa?”

“Wanda ba rubutu, Malam? Ai shi ne wannan,” in ji Hamissou.

Tsohon ya ce a kankaro masa baƙin gindin tukunya, a ɗiga mai. Ya dangwala, ya goga a kan faifan, ya share da tsumma. Sai ga baƙaƙe suna fitowa, rabi-rabi, wani kai ba ƙafa, wani ya shige ƙarƙashin saƙa. Ashe da tsinken ƙarfe ake kartar ganyen, rubutun ba ya nuna kansa sai an shafa baƙi. Shi kuwa al'adar malaminsa ita ce ba a shafawa sai littafi ya kai ƙarshe. Na saman kabad addu'o'i ne da kowane gidan ibadarsu ke da su. Labarin na cikin kwali, saura babi na ƙarshe.

Kaltouma ta fashe da kuka. Hamissou ya ce, “Malam, ka faɗa da baki, mu nemo mai rubuta maka. Wallahi ni zan kai ka ko'ina.”

Sun gwada. Hamissou ya kai shi gidan ibadar mutanensa, wani malaminsu ya zauna da alƙalami. Tsohon ya fara, ya tsaya, ya nemi sunan jarumar labarin ya rasa. Ciwon bai tsaya a hannu ba. Sau da yawa suka koma kafin ya ce ya isa.

“Waɗanda suka ƙone na farko da bindiga suka zo,” in ji tsohon a mota. “Matarka kuwa da kyauta. Gaya mata ta daina kuka, saƙarta ta yi kyau.”

Kaltouma ba ta ƙara taɓa saƙa ba. Malam Sarun ya yi sauran kwanakinsa yana rufe shinkafarsa da faifan, kuma ya mutu babu littafinsa ko ɗaya a duniya.