Ƙuri'ar da Ta Yi Sammako

Ƙwai na uku shi ya sami gilashin gaba, daidai saitin fuskarta. Lorraine Pettway ta taka birki, ta kunna abin goge gilashi, maimakon ya share sai ya dama ƙwaiduwar ko'ina. Farar motar da aka yi jifan daga cikinta har ta sha kwana, tutar Jami'ar Marlow tana kaɗawa a bayanta. Sai da ta fito ta ga ƙofar garejinta. Wani ya zo da jan fenti ya rubuta lamba 2, tsayinta ya kai na mutum.

Ba ta buƙatar mai fassara. Jiya Asabar aka ba da Kofin Whitcomb a New York, kofin gwarzon ɗan ƙwallon zari-ruga na jami'o'in ƙasar, wanda ake bayarwa duk shekara tun 1938. Masu zaɓe ɗari takwas ne da 'yan kai, yawancinsu marubuta labarin wasanni. Kowa suna uku yake rubutawa: na farko maki uku, na biyu maki biyu, na uku maki ɗaya. Cole Brandvold, ɗan wata jami'a can arewa, ya tashi da 1,811. Tavon Merriweather, ɗan wasan Marlow, ɗan garin nan Calloway Springs, wanda aka haifa layi huɗu daga gidanta, ya tashi da 1,810. Tunda aka kafa kofin ba a taɓa rabuwa da maki ɗaya ba.

Ita kuwa, kamar kowace shekara, ta bayyana ƙuri'arta a shafinta na jaridar Lahadi. Tun ranar Alhamis ta miƙa rubutun, inji ya buga shi kafin a san sakamako. Brandvold na ɗaya, Merriweather na biyu. Ko ɗan firamare zai iya lissafin: da ta juya sunayen nan biyu, da yau kofin yana hanyar Calloway Springs.

A ofishin jarida ta tarar da edita Dale Hutto ya cire wayoyin tebur duka daga bango, don ya gaji da zagi. Kujerar baƙi kuma Buddy Strickland ya cika ta, da jar rigar Marlow da hularsa a gwiwa. Shi ne wakilin kwamitin kofin a jihar. Ƙuri'u goma sha huɗu jihar take da su, kuma shi yake raba su ga wanda ya ga dama, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi.

Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce hanya biyu ce. Ko ta rubuta cewa shafin zaɓen ne ya juya mata sunaye, shi zai tsaya mata a New York a ce kuskuren na'ura ne, kofi dai ya tafi amma gari zai huce. Ko kuma ta ajiye ƙuri'ar da kanta, a bai wa wanda ya san inda yake zaune. Ya ba ta zuwa ƙarfe biyar.

"Na'ura ba ta juya komai ba," in ji Lorraine. "Abin da na rubuta shi ta ɗauka."

"Haba 'yar gari. Ina ƙoƙarin rufa miki asiri, kina yaye zani."

Dale ne ya yi tambayar da take gudu tun jiya. Bai kalle ta ba, yana wasa da biro, ya ce wace rana ta jefa ƙuri'ar. Ta ce ranar da aka buɗe zaɓe. Kwana goma sha uku kafin a rufe.

Su ukun duk suna filin wasa ranar wasan ƙarshe, kwana biyu kafin a rufe zaɓe, lokacin da Tavon ya yi gudun yadi ɗari uku da goma sha biyu da karyayyen yatsa, ya tsallake layin cin maki na abokan hamayya sau biyar. A ranar nan Brandvold ya jefa wa abokan gaba ƙwallo har sau uku. A lokacin ƙuri'arta ta kwana goma sha ɗaya a New York.

Buddy ya fara girgiza kai irin na mai jaje, abin da ya tunzura ta ke nan. Ta tuna masa cewa a ɗakin 'yan jarida, da bakinsa cike da gyaɗa, ya yi alfaharin ya jefa tasa tun kafin talotalon bikin Ranar Godiya ya ƙare a gidansa. Ta ce shi ko rabin wasan Brandvold bai taɓa kalla ba, rigar da ɗan wasa ya sa kawai yake zaɓa, shekara ashirin.

"Amma ni ba a rubuta mini biyu a ƙofa ba," in ji shi, ya sa hularsa. "Ƙarfe biyar, Lorraine."

Ta fita ta zauna a mota tana huci. Buddy bai san dalilin sammakon ba, Dale ma bai sani ba. Mahaifinta, Percy Pettway, shi ne baƙar fata na farko da aka bai wa ƙuri'a a jihar, a 1974. A zamanin, takarda ake aika wa wakilin jiha a babban birni ta gidan waya, shi ya tattara ya tura New York. Baba ya jira wasan ƙarshe, ya sa sunan Alvin Rucker na wata ƙaramar kwalejin baƙaƙe a farko, ya aika. Bayan mako biyu wasiƙa ta zo daga tsohon Strickland, mahaifin Buddy, layi uku: takardarka ta makara, ba a ƙidaya ta ba. Shekara guda abokan aikinsa fararen fata suna tambayarsa ko a saya masa agogo.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Daga shekarar nan Baba bai sake barin takarda ta kwana a gidansa ba. Da ya yi ritaya shafin ya koma hannunta, ƙuri'ar ta biyo shafin, ya riƙe wuyan hannunta ya ce ranar da aka buɗe, ranar za ki jefa, kada ki ba su dalili. Shekara ashirin da biyu tana riƙe da maganar, har bayan da zaɓen ya koma intanet, inda minti ɗaya ya isa.

Ba ta koma gida ba. Ta nufi cocin Little Zion, ta zaga ta ƙofar baya. A kicin an jera tire-tiren tarwaɗa da burodin masara da aka shirya don walimar murna. Matan da ke wajen suka ga ta shigo, suka zame ɗaya bayan ɗaya, aka bar ta da Mis Geneva, kakar Tavon, wadda ta raine shi tun yana wata shida. Ba ta je New York ba, don ta rantse ba za ta taɓa hawa jirgi ba. Tana juya kifi a mai, ba ta waiwayo ba.

"Kin ga wasan ƙarshe, Lorraine?"

"Na gani, Mis Geneva."

"Da kika gani, wa ya fi?"

"Tavon. Nesa ba kusa ba."

Tsohuwar ta ajiye matsamin, ta juyo. Lorraine ta faɗa mata komai a tsaye: ranar da ta jefa, wasiƙar 1974, alkawarin da ta yi wa Baba. Ta ce a ranar da ta jefa, gaskiyarta ke nan, Brandvold yana gaba da ɗan kaɗan, kuma ba ta so a ce ta fifita ɗan unguwarsu.

Mis Geneva ta dube ta. Muryarta ba ta tashi ba.

"Ashe ma ba ƙin sa kika yi ba. Da ƙin sa kika yi, da ya fi mini sauƙi, in zage ki in huta. Jira ne kawai ba ki yi ba. Yaron nan ya ɗaure yatsa da filasta ya shiga fili, ke kin riga kin rufe littafi. Percy shekararsa goma sha ɗaya a ƙasa, amma shi ya jefa ƙuri'ar nan, ba ke ba."

Tsohuwar ta zuba kifi biyu a farantin takarda ta tura mata.

"Ɗauki ki fita. Ba don ke ba. Ba a taɓa cewa wani ya bar cocin nan da yunwa ba, ba kuma za a fara a kaina ba."

A teburin kicin ɗin gidanta ta rubuta sabon sharhi, kifin yana hucewa a gefe. Ta sa kwanan watan da ta jefa. Ta ce na'ura ba ta yi laifi ba, ita ta yi, kuma Tavon Merriweather ya fi kowa a bana, ta san haka bayan ba ta da sauran ikon faɗa. Ta ɗauko wasiƙar tsohon Strickland daga cikin Baibul ɗin Baba, ta ɗauki hotonta ta liƙa. A ƙarshe ta ce an ba ta zaɓi tsakanin ƙarya da ajiye ƙuri'a, ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Wanda ya ba ta ƙuri'ar, in yana so, ya zo ya ƙwace da hannunsa, ya faɗa wa jiha dalili, ya kuma faɗi ranar da ya jefa tasa. Dale ya karanta, ya ce za a ci ƙaniyarsu su biyun, sannan ya ɗora shi a shafin jaridar na intanet da ƙarfe ɗaya da rabi.

Buddy bai jira biyar ba. Ƙarfe uku ya kira, ya ce daga yau sunanta ba ya cikin goma sha huɗun, kuma tunda ta sako mahaifinsa, sunan Pettway ba zai sake shiga ba muddin yana numfashi. Ta ce ta ji. Ta kashe wayar, ta ɗauko bokiti da buroshi ta fita wajen ƙofar gareji.

Jan fentin ya ƙi fita. Ta goge kan lambar har kafaɗarta ta yi tsami, sai dai ya bazu ya koma ruwan hoda. Tana cikin haka wata tsohuwar mota ruwan toka ta tsaya a bakin gidan, lambarta ta babban birni. Lorraine ta miƙe da buroshin a hannu, tana jiran ƙwai.

Wata farar tsohuwa ce ta fito, da sanda, ta kai shekara tamanin. Ta tako a hankali, ta ce sunanta Wilma Sedberry, awa biyu ta yi tana tuƙi bayan jikarta ta karanto mata rubutun. Ta ce shekara goma sha tara ta yi tana sakatariyar tsohon Strickland, ita take buga hatimin kwanan wata a kan duk takardar da ta shigo.

Ta buɗe jakarta ta miƙo wani ambulan da ya yi rawaya. Ba a taɓa buɗe shi ba. Lorraine ta gane rubutun Baba tun kafin ya iso hannunta. A kusurwa akwai shuɗin hatimi, ta karanta kwanan watan sau biyu. Kwana huɗu kafin a rufe zaɓe.

"Bai makara ba," in ji tsohuwar. "Cewa aka yi in sa a aljihun tebur, na sa." Ta waiwaya wajen motar. "Akwai wasu goma sha ɗaya a kujerar baya, na shekaru daban-daban. Uku daga ciki ba zamanin uban ba ne, na zamanin Buddy ne, don shi ma na yi masa aiki. Kina da inda za mu zauna?"