Ƙullutun Iya Zuliha

A shekarun da Nasara bai daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba, an yi wata tsohuwa a Gagarawa, Iya Zuliha mai daddawa. Wata safiya tana cuɗa bayanta sai ta ji ƙullutu a ƙasan kafaɗa, kamar ƙwan zabuwa. Gabanta ya faɗi, don da haka na yayarta Sauda ya soma, aka ce ciwon daji ne, bai bar ta ta ga kaka ba.

To, wanzamin da ya san kan irin wannan shi ne Gudaji. Gudaji kuwa mijin 'yarta Hannatu ne. Suruki fa! Mutumin da in ta hango shi a hanya sai ta faɗa gonar mutane, shi za ta buɗe wa baya?

Ta hau jaki sai garin Sule Tankarkar. Wanzamin can ya latsa, ya ce, "Iya, wannan sai Gudaji." Ta wuce Maigatari, na can ya ce, "Ai kin baro gwani a gida." Ta dawo da ƙullutunta, ga ciwon ƙugu ƙari.

Hannatu ta ce, "Inna, kunya ce za ta kai ki kushewa." Ta ɗauki wuƙa ta huda zanan gidanta, faɗin faifai. Iya ta zauna ta manna baya a hudar, ta lulluɓe kai. Gudaji ya tsuguna ta waje, shi ma ya kau da fuska, ya miƙa hannu yana lalube.

"Hannatu, gaya wa Iya abin ya yi tauri ƙwarai. Har jijiya ya yi, ta zagaya wuya."

Iya ta rafka salati, tana yafe wa duniya.

Hannatu ta leƙa. "Maigida, layarta ce ka kama."

Ya yi gyaran murya, ya gangara ƙasa. Ya latsa nan, ya tura can.

"Gaya mata yana gudu a ƙarƙashin yatsa. Daji kafewa yake, ba ya motsi. Wannan kitse ne ya taru."

"Tambayi mutumin nan, zai rantse?"

"Gaya mata na rantse."

"Inna, ya ce..."

"Na ji, ke! Kurma ce ni?"

Daɗi ya kama tsohuwa, ta sake jiki ta jingina da dukkan nauyinta. Zana ya ce bai san zancen ba, ya kife. Sai ga Iya rigingine a kan ƙafafun surukinta, ido cikin ido.

Gudaji ya zubar da zabira ya zura da gudu. Iya, mai ciwon ƙugu, ba a san yadda ta haye rumbu ba, sai ƙafafunta aka ga suna shigewa.

Hannatu na riƙe da ciki don dariya, sai murya ta fito daga rumbu: "Tambaye shi, yaushe za a yanke?"

Daga can bayan gida Gudaji ya ɗaga murya: "Gaya mata a bar shi! Wallahi ba ya kisa!"