Keken Malam Gwadabe

Duk Mandawari ba wanda ya kai Isyaku sanin keke. Rumfarsa tana gindin wata bishiyar durumi a bakin titin da ya taso daga Ƙofar Kabuga ya ratsa gari, kuma a shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, lokacin da kowane mai ɗan hali yake son a gan shi a kan ƙarfe, rumfar ba ta rabuwa da mutane. Ga iya aiki, ga baki. Wanda ya kawo faci sai ya tafi da wa'azi kyauta: a bi hagu kamar yadda dokar titi take a lokacin, a kaɗa ƙararrawa a kwana, a tattare babbar riga kada ta shige cikin wayoyin ƙafa, in kuwa an ji lori to a sauka gaba ɗaya a ba ta wuri. Ya taɓa tsayar da wani malamin ofis da rawaninsa da komai, ya wanke shi tas a gaban jama'a don ya bi hannun da ba nasa ba. Mutum ɗaya ne a duniya Isyaku ba ya iya buɗe baki a gabansa, shi ne surukinsa.

Malam Gwadabe, uban matarsa Lauratu, dillalin riguna ne a Kasuwar Kurmi, gidansa kuma a Dukawuya. Shekara talatin yana wannan zirga-zirga a kan jaki. Da jakin ya mutu, gwiwoyi kuma suka fara ƙi, sai ya sayi keke baƙi wul, ya koya a filin bayan gidansa cikin mako biyu, ya fito titi da furfurarsa. Ba wauta gare shi ba, dattijo ne mai hankali da tsantseni. Abin da ya sani tun yana yaro shi ne komai na alheri da dama ake fara shi: da ita ake ci, da ita ake gaisawa, da ita ake shiga masallaci. Don haka yakan bi tsakiyar titi inda ƙasa ta daddale, in wani abu ya tunkaro shi sai ya kauce dama, kamar yadda ya saba yi da jakinsa.

Kullum da safe yakan wuce ta gaban rumfar, la'asar sakaliya ya dawo. Isyaku yakan tuɓe takalmi ya durƙusa tun kafin ya iso, kai a ƙasa, amma ta gefen ido yana ganin komai. Masu keke in suka ga farin gemu sai su sakar masa hanya. Motocin attajirai biyu zuwa uku da ke bin titin su ma sun san shi, su rage gudu su zagaye. Wannan ne ya sa dattijon ya ɗauka daidai yake tafiya. Abin da ke cin ran Isyaku kakar gyaɗa ce da ta ƙarato. Ya san irin lorin da ke shigowa ta Kabuga da buhuna har sun fi kan direba tsawo, ya san wadda aka yi wa irin wannan lodi ba ta tsayawa don an taka birki, kuma ba ta san furfura ba.

To, yaya mutum zai dubi wanda ya ba shi 'ya ya ce masa bai iya tafiya a hanya ba? Isyaku ko sunansa ba ya kamawa. Bai taɓa shan ruwa a gabansa ba. In ya hango shi a lungu, canza lungu yake yi. Sai ya bi ta hannun Lauratu, da yake ita ce auta, ita kaɗai ke iya wasa da tsohon. Ranar da ta je suna Dukawuya ta faɗa masa, ta dawo ta kawo amsa. Ta ce Baba dariya ya yi, ya ce shi da girmansa ba zai koma bin hagu ba don wani Bature ya ga dama. Amma da ta matsa, sai ya daina dariya ya ce, "Mijinki ne gwanin keke, kullum ina wucewa ta gabansa. Da akwai haɗari a tafiyata ai da ya faɗa mini."

Ashe shirun da Isyaku yake yi don ladabi, shi tsohon ya ɗauka shaida ce. Lauratu ta ce to ga ƙofa ta buɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya daure ya faɗa da bakinsa. Ya ce zai faɗa.

Ana nan sai sarƙar keken ta tsinke, wani maƙwabci ya turo shi rumfa. Aikin da bai fi rabin sa'a ba, Isyaku ya gama shi a ranar, ya jingine keken a can ciki ya rufe da buhu, ya aika cewa ana neman irin sarƙar a kanti. Yana ganin ya yi dabara. Kwana tara dattijon yana ɗingisawa daga Dukawuya zuwa Kurmi a ƙasa, yana wucewa ta gaban rumfar yana dafa bango, Isyaku yana durƙushe yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige. A kwanakin nan aka fara ganin lorin gyaɗa, ɗaya da safe, biyu da yamma, ham ɗinsu yana firgita awaki.

Rana ta goma Malam Gwadabe ya tsaya da kansa. Ya yi sallama, mutanen rumfa suka miƙe, kowa ya sami abin da zai je yi, don an san ba a zama tsakanin surukai. Suka rage su biyu. Tsohon ya tambaya a hankali ko an sami sarƙar. Isyaku ya ce an samu, ya fito da keken, ya goge sirdin da hannun rigarsa, ya koma ya durƙusa. Ya riga ya shirya maganar tun da daɗewa, ya maimaita ta a ransa ya fi sau ɗari. Ya ce, "Baba..." Tsohon ya dakata, hannunsa a kan ƙararrawa, yana jira da fuskar nan tasa mai sauƙi.

"Da magana, Malam Isyaku?"

Isyaku ya dubi ƙafafun tsohon, ya ga yadda suka kumbura saboda tafiyar kwana tara da shi ya jawo. Kunya ta rufe shi ruf. Ya ce, "Birkin ne na ɗan ɗaure. Allah ya kiyaye hanya."

Tsohon ya sa masa albarka ya hau.

Da Isyaku ya koma gida Lauratu ta tare shi da tambaya tun bai ajiye hula ba, don labari ya riga shi isowa cewa an ga Baba a rumfa. Ya faɗa masa? Isyaku bai yi niyyar ƙarya ba, amma ya ga yadda idonta ya tsaya a kansa, sai ya ji bakinsa ya ce ya faɗa. Ta yi hamdala ta kawo masa tuwo. Ya ci loma biyu ya ture kwanon. Ya yi wa kansa alkawari gobe zai gyara, goben ta zo ya ce jibi.

Ranar Talata ce, bayan la'asar. Tsohon ya wuce ya nufi gida, Isyaku ya gaishe shi kamar kullum ya koma kan wata taya. Ba a jima ba ya ji ham daga wajen Gwale, dogo, wanda ba a ɗaga hannu daga kansa ba, sannan ƙarar birki, sannan shiru. Bai tambayi kowa ba. Ya yar da abin da ke hannunsa ya zura da gudu babu takalmi.

Lorin ta tsaya a karkace, ƙafarta ɗaya a cikin kwata, buhu uku sun faɗo sun fashe, gyaɗa ta watsu a titi. An riga an lulluɓe Malam Gwadabe da ɗaya daga cikin rigunan da ya ɗauro a bayan keken. Direban, wani mai suna Sani, yana zaune a ƙasa ya ɗora hannu a ka, yana ta maimaita wa duk wanda ya tsaya cewa ya hango tsohon tun daga nesa a tsakiyar titi, ya danna ham, ya koma hannunsa na hagu har yana goga bango don ya bar masa titin gaba ɗaya, shi kuma tsohon sai ya yanko nan ɗin, daidai inda lorin ta koma. 'Yan doka suka zo suka duba sawun taya, suka ga haka ne. Dangi suka ce ƙaddara ce, sun yafe.

Isyaku yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. A wurin zaman makoki bai yi kuka ba, bai kuma iya amsa gaisuwa da kyau ba, mutane suka riƙa nuna shi suna cewa ga surukin kirki, mutuwar ta dake shi fiye da 'ya'yan cikin. Kowace irin wannan magana sai ya ji ta kamar an zuba masa garwashi a ƙirji.

Bayan sadakar bakwai Lauratu ta dawo gida, ta rame, muryarta ta dushe. Ta same shi a tsakar gida zaune a kan turmi, abincin da maƙwabta suka aiko yana gefe bai taɓa ba. Ta durƙusa kusa da shi, ita da aka yi wa mutuwa ita ce ke lallashi.

"Malam, ka daina hukunta kanka haka. Kai ka fita haƙƙinsa. Ka cire kunya ka faɗa masa, bai ji ba. Na gaya wa su Yaya da kowa da kowa a can, kada wani ya ga laifinka. Baba ne da taurin kai, Allah ya gafarta masa."

Isyaku ya ɗago ya dube ta. Tsohon da ya tsaya da hannu a kan ƙararrawa yana jiran a faɗa masa, yanzu duk Dukawuya ta san shi da taurin kai. Ya buɗe baki, Lauratu tana jira.

Ya ce, "Amin."