Hannun Casilda

Shekara talatin Nicanor yana niƙa wa mutanen wani kwari alkama da masara, a gidan niƙan da ya gada daga uba, inda ruwan rafi ke juya dutse. Duk wata sai ya ɗaga dutsen ya sassaƙa masa sababbin haƙora da guduma. A wurin wannan aikin ne tsakuwa ta faɗa masa a idon dama, bayan shekara biyu na hagun ma ya bi sawu.

Matarsa Casilda ce kaɗai ta san ya daina gani gaba ɗaya. Ya roƙe ta kada ta faɗa, don manoma ba za su ɗora wa jakunansu hatsi su kawo wa makaho ba. Sai ya zamana yana zaune a bakin ƙofa yana amsa gaisuwa, yana murza gari a yatsa ya ce ya yi ko da saura, ita kuwa tana ciki tana ɗaukar buhuna. Da dutsen ya dakushe, suka rufe ƙofa, ya kama hannunta ya nuna mata yadda ake riƙe gudumar.

"Sassauta, Casilda," in ji shi. "Ba ƙashin maƙiyinki kike fasawa ba."

Ta yi dariya, daga baya ta koma bayan ɗaki ta yi kuka.

A kwarin an ɗauka mace in ta taɓa dutse gari zai yi tsami, don haka suka rufa wa kansu asiri shekara bakwai. Garin ya yi laushi har mutane suna cewa tsufa ya ƙara wa Don Nicanor, kamar yadda suke kiransa saboda girmamawa, gwaninta. Shi yakan gyaɗa kai kawai. Ita kuwa bayan hannunta ya cika da ɗigon baƙin ƙarfen da ke fallatsowa daga gudumar, tana ɓoyewa cikin mayafi in za ta coci.

Tari ya kwantar da Nicanor a lokacin girbi, bai yi sati uku ba ya rasu. Ba su da ɗa, 'yarsu ɗaya ta mutu tun tana goye. Kwana tara da binne shi ƙanensa Evaristo ya iso da iyalinsa da kaya a kan alfadarai, ya ce gidan na ubansu ne, kuma niƙa aikin maza ne. Bai yi mata tsawa ba. Har ya ce ta zauna a ɗakin baya in tana so.

Ta ware mayafin ta miƙa masa hannuwanta.

"Duba nan. Wa kake jin ya ciyar da dutsen nan tun da yayanka ya makance?"

Evaristo ya duba, ya kau da kai, ya ce kada ta sake faɗin haka, za ta ɓata sunan mamaci ta kuma kori masu kawo niƙa.

Ta kwana huɗu a ɗakin bayan tana jin yadda yake gudu da dutsen fiye da kima, har ƙaurin gari na shigo mata. A na biyar ta ɗaure kayanta ta tafi wurin 'yar'uwarta a can gangare, inda ta ƙare kwanakinta tana kaɗa ulu. Mutanen kwarin sun yi ta ƙorafin tsakuwa a burodi, suna cewa ba za a sake yin irin Don Nicanor ba.