Tarin Tsoho a Cikin Buhunan Kava

Shekara goma sha ɗaya Firmin yana buga hatimi a ofishin gwamnati mai tantance kayan da za a fitar waje, a bakin tashar jiragen ruwa ta Port Vila, kuma ba a taɓa dawo da kaya mai sa hannunsa ba. Da wannan yake taƙama. Abokan aiki Harshe suke ce masa, don duk garin kavar da aka kawo, wato saiwar da ake niƙawa a jiƙa a sha don samun natsuwa, in ya gama gwajin da doka ta ce, ya ɗiga ruwan magani ya ga launi ya fito rawaya, sai kuma ya lakaci kaɗan ya ɗora a harshe. Wannan ba ya cikin littafin aiki. Wurin ubansa ya koya, can tsibirinsu na Pentecost, kuma ya fi yarda da shi a kan kwalba.

Ran wata Alhamis ƙaninsa Gaston ya iso da buhu ɗari uku, kayan ƙungiyar manoman ƙauyensu. Karo na farko ke nan da suka sami mai saye daga Amurka ba tare da dillali a tsakani ba. Shugabar ofishin, Madam Leitangi, ita ta yi shekara biyu tana aika takardu har cinikin ya ƙullu, don haka ranar bakinta har kunne. Firmin ya so a ba wani duban, tunda kayan ɗan'uwansa ne. Ta ce sauran ma'aikatan suna can tsibirin Santo, jirgi da yamma zai tashi, kuma a ƙasar nan wa ye ba ɗan'uwan wani ba?

Da rana tsaka ya shiga sito, kwano na ƙara don zafi. Ya huda buhu, ya gwada, launi ya fito tas. Ya ɗora a harshe, harshen ya yi nauyi yadda ya kamata. Sai ya yi shiru, don haka aka rene shi: mai kava a baki ba ya magana, saurare yake yi.

Hayaniyar 'yan dako ta ja baya kamar an rufe mata ƙofa. A bayansa wani ya yi tari, gajere sau biyu, dogo sau ɗaya, sannan tsaki. Firmin ya waiga bai ga kowa ba sai buhuna. Wannan tarin ya san shi tun kafin ya san sunansa, mai shi kuwa, ubansa, shekara shida ke nan a ƙasa.

Ya tafi can ƙarshen sito ya huda wani buhun. Tarin ya sake zuwa, wannan karon dab da kunnensa.

A ƙauyensu, in magidanci ya mutu, ana dasa kava a wajen kansa, kuma ba a tuge ta. In abu ya sha wa iyali kai, babban ɗa ya je ya yanki saiwa ɗaya daga gefe, a daka, ya sha da almuru, ya zauna ya saurara. Firmin bai sami jana'izar ubansa ba, aiki ya riƙe shi. Tun daga lokacin yake cewa zai je ya yanki saiwarsa ya ba tsohon haƙuri, bana ta zama baɗi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa. Kavar da ke kan kabarin ita kaɗai ce ƙofar da ta rage tsakaninsu.

Ya sami Gaston a bayan mota yana cin gasasshen rogo a ganyen ayaba.

"Gaston, wa ya taɓa kan Baba?"

Gaston ya ajiye ganyen. Bai yi musu ba. Ya ce guguwar bara ta kwashe musu rabin gonaki, sikeli ya ƙi cika, mai saye kuma ya ce ko a cika ko a fasa. Ta Baba kuwa ta yi girman da sai da mutum huɗu suka ɗaga ta.

"A wane buhu take?"

"Haba Yaya, injin niƙa yana tambayar dangi ne? An gauraya duka." Ya goge hannu a wando. "Kai da ba ka zo ka zuba masa ƙasa ba, yau kai ne mai kishinsa? Shi ya kafa ƙungiyar nan. Da yana nan, shi zai fara ɗaukar magirbi."

Maganar ta yi wa Firmin ciwo, don rabinta gaskiya ce. Ya koma ofis ya zauna gaban takarda. Takardar tana tambayar ruma, da ƙwari, da ɓawo, da irin kavar, kuma duk kayan sun tsallake. In ya hana hatimi, gida arba'in sun rasa mai saye, ba kuma zai iya nuna dalili ba. Madam ta leƙo ta ga alƙalami a ajiye. Ya ce mata akwai wani abu a cikin kayan. Ta tambaya ko ƙwaro ne, ya girgiza kai ya gaya mata daga inda aka tugo cikon. Ita ma 'yar ƙasa ce, ba ta yi dariya ba. 

"Firmin, takardar nan ba ta da gurbinsa," ta ce a hankali.

Ya buga hatimin. Yana tsaye aka rufe ƙofar kwantena, kuma ya rantse kafin sakata ta faɗa an yi tsaki a ciki.

Da Kirsimeti ya je gida. A wajen kan kabarin rami ne, ruwan sama ya taru a ciki. Ya sha kavar maƙwabta da almuru, ya tofar yadda al'ada ta ce, ya saurara har sauro ya ishe shi. Ba abin da ya ji sai teku.

Wata uku bayan nan wasiƙa ta zo daga mai sayen. Madam ta tara ma'aikata tana karantawa da murna. Wai bai taɓa samun kava irin wannan ba, duk wanda ya sha a shagonsa sai ya yi tsit. Daga nan muryarta ta fara sanyi. Wai abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai: masu sha da yawa, waɗanda ba su san juna ba, suna cewa sukan ji wani tsoho yana tari a bayansu, yana maimaita kalma ɗaya. Ya zaci kalmar yaren manoman ce, sai ran nan da ya duba takardar shaida ya gan ta a ƙarƙashin hatimi. Ya ce a gaya wa mai sunan, muryar ba ta fushi ba ce, ta mutum ce da ya ɓata a garin da bai sani ba yana neman ɗansa. Ya rufe da cewa buhu tara suka rage, suna tafiya da sauri, a taimaka a aiko masa da irinta.

Ba wanda ya kalli Firmin. Ya tashi ya shiga ɗakin da ofis ke ajiye samfurin kowane kaya wata shida kafin a ƙone. Ya sami kwalbar, abin da ke ciki bai fi cokali ba. Ya juye a harshe, ya rufe ido.

Tarin ya zo daga nesa ƙwarai, siriri, kamar daga ƙasan rijiya. Sannan sunansa.

"Na'am, Baba," Firmin ya ce. "Ga ni. Ka yi haƙuri."

Muryar ta ci gaba da kira, Firmin, Firmin, irin kiran wanda bai ji an amsa ba.