Shuɗiyar Saniyar Inna Kaltume

"Ba haka ba ne, Safara'u. Kin sake yi mini saniyar kowa da kowa."

Safara'u ta sauke gashin kazar da take zane da shi, ta dubi bangon, ta dubi tsohuwar maƙwabciyarta da ke kwance a gadon kara, numfashi na fita da ƙyar amma baki bai mutu ba.

Takardar da ta jawo wannan aiki, kanwa aka ƙunso a cikinta daga kasuwar Minjibir. Zanen wata saniya ne shuɗiya, tana tsalle bisa tuddai ja da rawaya, kofatonta ko taɓa ƙasa bai yi ba. Inna Kaltume na gani ta ce ai tata ce, wadda fari ya kashe bara bayan ta cinye har jinkar rumbu.

"Ashe can ta tafi," in ji ta. "Dubi yadda ta ƙoshi. Sa mini ita a bango, babba, idona ba ya kama ƙaramin abu."

Safara'u mai ƙunshi ce, iyakarta ƙafar amare, amaren ma sun yi wuya a shekarar da tuwo sai da dabara. Ta jiƙa shuni da ƙaro, ta ɗebo jar ƙasa a busasshen kududdufi, ta yi ta fama.

"To Inna, wa ya taɓa ganin saniya da wuya kamar na raƙumi?"

"Wanda ya zana ta ya gani. Ke dai daina gyara masa."

Da ta daina gyaran, sai hannunta ya sake. Wuyan ya miƙe, bayan ya lanƙwashe, tuddai suka hau juna. Wani lokaci har takan ji kamar ƙamshin ruwan sama a ɗakin, alhali waje rana ce ƙwal.

Ran nan Muhammadu Sani, ɗan Inna, ya iso daga Kano. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗaga kai, sai ya ga saniyar a bango.

"Inna," ya ce a hankali, "mala'ikun rahama ba sa shiga ɗaki mai hoto. Ga kuma halin da kike ciki."

Safara'u ta janye hannunta daga bangon. Ta san da haka tun tana yarinya, daɗin aikin ne ya mantar da ita. Tsoro ya kama ta: kada a ce da hannunta ta tare wa tsohuwa ƙofa.

"Saura me, Safara'u?" in ji Inna.

"Ido kawai."

"Sa mata, ta gan ni."

Ta sa idon da kwalli. Inna ta daɗe tana kallo tana murmushi, leɓenta na motsi kamar mai lallashin dabba wajen tatsa. Bayan la'asar ta ce, "To, shafe ta. Ina da baƙi."

Safara'u ta dama farar ƙasa, ta tsoma tsumma. Ta fara da tuddai, ta bar kan sai ƙarshe, tana yi hawaye na zuba. A bayanta Muhammadu Sani na maimaita kalmar shahada. Da muryarsa ta karye ya koma salati, ta san Inna ta cika, amma ba ta juya ba sai da ta gama.

Farar ƙasar ba ta riga ta bushe ba. Ta ƙarƙashinta ana hango saniyar dishi-dishi, tana tsallenta, tana ƙara nisa a hankali.