Ɗorawar Kan Iyaka

Ni Barira, Allah ya haɗa ni da maza biyu masu taurin kai, ɗaya mijina, ɗaya yayana. Mijin nawa Nababa ake ce masa, ni kuwa Malam nake cewa. Yayan nawa Hashimu. Gonakinsu na jingine da juna a ƙauyenmu da ke bayan Tsanyawa, kuma daidai kan iyakar akwai wata ɗorawa da ta hana ni sakat fiye da shekara goma.

Malam ya ce kakansa ne ya dasa ta. Yaya ya ce kakanmu ne ya ɗaure jakinsa a jikinta tun kafin a haifi kakan Malam. Da rigimar ta kai ga ɗaga fartanya, dagaci ya yanke cewa kada wanda ya ƙara taka gindinta sai an sasanta. Ba a sasanta ba. Tun daga ranar suka daina magana da juna, ni na zama wayarsu. Ko a tabarma ɗaya suke wajen suna, sai ka ji, "Barira, gaya wa yayanki akuyarsa ta shiga gyaɗata." Shi kuma, "Gaya wa mijinki akuyata ba ta cin gyaɗar rowa." Ni da nake sana'ar daddawa, ina kallon kalwa tana zuba tana ruɓewa, ina zuwa kasuwa ina saye. Wannan abu yana ƙona mini rai har yau.

Ka san ƙasarmu, ko taƙi ɗaya ba a bari ba a noma ba. Gindin ɗorawar nan kaɗai ne ciyawa da sabara suka samu sarari, har ya zama ɗan kurmi a bakin hanya. Ashe wasu 'yan banza sun lura babu mai zuwa wurin, suka mai da shi ma'ajiyar kwalayen ƙwaya.

Wata safiya da damina, suna maimai kowa a gonarsa, sai ga mota ta tsaya. Mutane suka fito cikin kayan gida, suka zagaye ɗorawar suna dube-dube. Babbansu ya ɗaga murya ya ce, "Wurin nan na waye?"

Bayin Allah nan suka ɗauka masu awon fili ne daga ƙaramar hukuma aka turo a raba gardama. Kowa ya yar da fartanya ya sheƙo a guje, Yaya har da faɗuwa a kunya.

"Nawa ne!" in ji Malam.

"Ƙarya yake, nawa ne, har abin da ke cikinsa!" in ji Yaya.

Malam ya ce, "In ya ce abin da ke ciki nasa ne, to ni na riga shi!"

Jami'an hana fataucin ƙwaya ne. Suka janyo kwalayen daga cikin sabarar, suka ce madalla, ba su taɓa samun aiki mai sauƙi irin wannan ba. Ankwa ɗaya aka sa musu, hannun Malam da na Yaya, aka yi Kano da su.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da na gama kuma na yi ta masifa ni kaɗai a tsakar gida har kaji suka watse. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Yaya yana da ciwon suga, kullum sai da magani. Na san in aka ɗaure shi shekaru, gawarsa za a ba mu.

Muka samu lauya, Barista Humaira, 'yar wani malamin makaranta daga Shanono. Ta zaunar da ni ta ce, "Inna, tuhumar da ake musu ita ce haɗa baki don rarraba ƙwaya. Dole masu ƙara su nuna sun san da kayan, kuma sun shirya abin tare."

Na ce, "Haɗa baki? 'Yar nan, waɗannan ko sahu ba sa haɗawa a masallaci."

Ta yi dariya ta ce to shi za mu nuna wa kotu. Ta je gidan yari ta roƙe su, kowa ya ce bai da alaƙa da wurin, a huta. Ta dawo tana dafe da kai. Wai Malam ya ce ya fi son ɗauri da ya faɗi haka a rubuta, Yaya kuma ya ce in Malam ya fara faɗa, shi ma zai duba.

Duk ranar ziyara kwano ɗaya nake kai musu da gangan, don mugunta. Wani gandiroba ya ce mini, "Hajiya, mutanenki abin kallo ne. Suna ci kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Amma dogon nan kullum sai ya ture naman gefen ɗayan, wai shi haƙori ke damunsa." Dogon shi ne Malam, kuma ni na san haƙoransa ƙashi ma suna fasawa.

Ranar da aka saurari ɓangarenmu, dagaci ya fara ba da shaida. Ya ce shi ya hana su taka wurin, kuma duk garin an san ko akuyarsu ta shiga, sai dai su tsaya daga nesa suna jifanta. Sannan aka kira ni. Ina tsaye, tafinta na juya maganata zuwa Turanci, ina ba da labarin yadda nake kai saƙo tsakaninsu, sai na ji muryar Malam daga akwatin waɗanda ake tuhuma.

"Barira, gaya wa yayanki ya matsa, yana taka mini ƙafa."

Yaya ya ce, "Gaya masa akwatin gwamnati ne, ba na kakansa ba."

Kotu ta kwashe da dariya. Tafinta ya kalli alƙali, alƙali ya ce a fassara masa, aka fassara. Na ga ya cire tabarau yana goge ido.

Amma lauyan gwamnati ba wawa ba ne. Ya taso a hankali ya ce, "Hajiya, kin ce duk maganarsu ta bakinki take bi. Ashe ke nan in sun shirya wani abu, ke ce kika kai kika kawo?"

Na gane tarkon da ya ɗana mini. Sai kuma zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Ɗan nan, shekara da shekaru ina dakon zagi tsakanin mutanen nan, ko barka da Sallah ba a taɓa ba ni in kai ba. Da sun iya shirya abu tare, da kalwata suka fara tsince mini!" Barista Humaira ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa.

Da aka zo kan Malam, lauyan ya sauke murya kamar mai lallashin yaro. Ya ce, "Malam Nababa, kai dattijo ne. Ka ce ba ka taka wurin. To faɗa wa kotu gaskiya, wurin na Hashimu ne, kai ba ruwanka. Kalma ɗaya ce."

Ni na san abin da kalmar take nufi: Malam ya dawo gida, Yaya ya zauna shi kaɗai da kwalaye a wuyansa. Na ga Malam ya saci kallon hannun Yaya, wanda ke karkarwa a kan katako saboda sugansa, ga shi bai karya kumallo ba. Sannan ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, ɗorawa tawa ce. Kwalaye ban san su ba, shi ma wancan bai san su ba, don ko buhun taki bai iya ɓoyewa ba. In ɗauri ne a kan wurin, ni za a ɗaura, don nawa ne."

Yaya ya zabura. "Barira, gaya masa ko a ɗaurin ba zai riga ni ba!"

Sai da alƙali ya buga tebur. Da ranar hukunci ta zo, ya ce babu shaidar sun san da kayan, babu shaidar sun shirya komai tare, kuma a iya zamansa bai taɓa ganin mutanen da suka kasa haɗa baki irin waɗannan ba. Ya sallame su.

A tasha, Yaya ya ja ni gefe, alhali Malam na tsaye dab da mu. Ya ce, "Gaya wa mijinki na ji abin da ya yi."

Malam ya ce, "Gaya masa ba don shi na yi ba."

Na ce, "Wallahi na ajiye aikin nan. Kotu ta kusa ɗaure ni a kansa. Mai magana ya faɗa da bakinsa." Na shige gaba kusa da direba, na bar su a baya, kafaɗa na gogar kafaɗa.

Muka fita Kano shiru. Muka wuce Dawanau shiru. Ina ta satar kallonsu ta madubi, kowa ya maƙale wuya yana kallon tagarsa, har da wanda ba shi da taga. Sai da muka kusa Bichi na ji Malam ya yi gyaran murya, ya sake yi, kamar wanda ƙaya ta maƙale wa.

"Hashimu. Ka sha maganinka?"

Yaya ya ce, "Ina ruwanka?"

"Ɗorawar dai tawa ce."

"Ƙarya kake, Nababa."

Na ja mayafi na rufe fuskata. Direba ya ce, "Hajiya, lafiya? Ko in tsaya in raba su?"

Na ce, "Kul! Ja motarka, ka bar su su yi."